Ɗakin da Yaya Lizzy Ta Kama a Gangaren Kogi

Yayata Lizzy mace ce mai ƙoƙari, wannan ba zan ɓoye ba. Ita ce ta fara kawo takardar NCE gidanmu. Ita ke karanta wa Mama rubutun likita, ita ake turawa gaba idan manyan baƙi sun zo. Aibinta ɗaya ne: ba ta iya ganin abu mai kyau a hannun na ƙasa da ita. In a hannun wani bare ne, takan daure. Amma in ya zo hannuna, ni ƙanwarta Miriam, sai ya tsaya mata a wuya.

Tun muna yara a ƙauyenmu kusa da Vom haka take. Ranar da Mama ta ce tuwona ya yi laushi, ranar Yaya ba za ta ci tuwo ba, sai ta ce cikinta na murɗa. Ni a aji uku na sakandare na tsaya, bayan rasuwar Baba. Ba zan yi ƙarya ba, ni ma na sha kallon jakar makarantarta ina jin wani abu yana sukata a ƙirji. Bambancin shi ne nawa a ciki yake kwana, nata kuma sai ya fito.

Abin da ya ƙara ɓata tsakaninmu zuwan Albert ne. Mai gyaran janareta ne a Kaduna, ɗan ƙauyen da ke gaba da namu. Ya zo hutun Kirsimeti, ya riƙa shigowa gidanmu yana gaishe da Mama. Kowa ya ɗauka don Yaya yake zuwa, har da ita kanta, har da ni. Ita ke zama da shi a tsakar gida, ni nawa in kawo ruwa in koma kicin. Ranar da kawunnansa suka zo, sai suka kira sunana. Yaya ta yi rawa a bikin, ta raba shinkafa, ta yi duk abin da ake so babbar ya ta yi. Amma tun daga ranar ba ta taɓa cewa “gidanku” ba, sai “ɗakin nan naku”. Shekara biyu ina unguwar Narayi a Kaduna, har na haifi Joy, ƙafarta ba ta taka ƙofarmu ba.

A watan Satumba na bara Mama ta kira ni da murna. Wata makarantar kuɗi a unguwar Mahuta, nan Kaduna, ta kira Yaya intabiyu, aikin koyarwa, har da ɗaki suke ba malamansu. Shekara huɗu ke nan tana neman aiki, tana koya wa yaran maƙwabta lesin a ƙarƙashin bishiya. An ce ta zo ranar Litinin ƙarfe tara na safe, ta zo da takardunta na asali, ba kwafi ba.

“Na ce mata ta sauka wajenki,” in ji Mama.

Daga can baya na jiyo muryar Yaya. “Ni ba zan je in takura wa amarya da ango ba. Otal zan kama.”

Mama ta yi ajiyar zuciya. “To, Miriam, ki nema mata masauki mai kyau mai sauƙi. Ke kin san gari, ita baƙuwa ce. Lizzy, ki bi abin da ƙanwarki ta ce.”

Mama da zuciya ɗaya ta faɗa, amma na san a kunnen wa ta sauka.

Duk da haka na tashi na yi abin da aka sa ni. Ranar Alhamis da Juma'a na goya Joy na shiga Mahuta da ƙafa. Ni ban san yadda ake neman otal a waya ba, amma shekara biyu ina yawon kitso gida gida sun koya mini kallon unguwa. Ba ɗakin nake fara dubawa ba. Nakan tsaya a bakin layi in ga ko mata na zaune suna sayar da masara da gyaɗa, ko yara na wasa a waje. Nakan tambayi mai keke mai ƙafa uku ko yana shiga, in ga ko zai yi gardama. In kuma damina ce, nakan duba ƙafata: hawa nake ko gangara?

Wuri uku na shiga. Na farko, samari ne zaune a ƙofa da kwalabe tun rana ba ta yi ba. Na biyu yana da kyau amma ya fi ƙarfinmu. Na uku gidan wata dattijuwa ce, Mama Hajara, tsohuwar nas da ta mayar da bayan gidanta masauki mai ɗaki shida. Ba wani ado, amma zanen gado fari tas, akwai rijiyar burtsatse, akwai maigadi dattijo, kuma daga ƙofarta ana hango rufin makarantar. Da na gaya mata abin da ke tafe da yayata, ta ce, “Ki kawo ta, 'yata. Ni da kaina zan tashe ta, in dafa mata ruwan wanka. Ko keke ba za ta hau ba.”

Na ɗauki hoton ɗakin na tura wa Yaya. Ba a jima ba saƙon murya ya shigo. Dariya ce ta fara fitowa kafin magana.

“Miriam, wannan ɗakin masu jinya ne ko na baƙi? Ki bar wahalar da kanki. Na riga na samu a waya. Akwai AC, akwai tayil, taga tana kallon kogi, kuma sun yi ragi, ya ma fi naki sauƙi. Kin gani? Ina zaune a Vom na fi ki sanin Kadunan taki.”

Ta turo hotuna. Gaskiya wurin ya yi kyau, furanni ja da fari, kujeru a ƙarƙashin lema, ga ruwa yana sheƙi a baya. Da Albert ya dawo na nuna masa. Ya kalli sunan layin, ya ajiye cokalinsa.

“A gangaren kogi? A watan tara? Ba ni lambarta.”

Na riƙe masa hannu. “Baban Joy, don Allah bari. In daga bakinka ta ji, abin zai fi muni. Zan gaya mata da kaina in ta zo.”

Ranar Lahadi bayan sujada Albert ya tafi kula da janareta a wani wurin biki, ni kuma na bar Joy wajen maƙwabciyata na je tashar motar unguwar Television na tare ta. Ta sauko da baƙin gilashi a ido, da akwati mai taya. Muka rungumi juna. Ta ja baya ta dube ni daga ɗankwali har takalmi.

“Kin yi ƙiba. Birni ya karɓe ki.” Ta kama bakin atamfata ta murza. “Shi ya saya miki?”

“E, Yaya. Ya hanya? Ya Mama?”

“Hanya ba daɗi. Kwana huɗu ana tafka ruwa a gida ba tsayawa, gonar Mama ta dankali duk ta kwanta. Sai da muka wuce Saminaka muka ga rana.”

Mai keke na farko da muka gaya wa inda za mu, ya girgiza kai ya wuce. Na biyu ya ce, “Madam, abeg, ku nemi wani.” Na uku dattijo ne mai farin gemu, na san shi, Malam Shehu sunansa, daga Makera yake, yakan kai ni kasuwa.

“Zan kai ku bakin kwalta,” ya ce. “Amma ba na gangarawa ƙasa a wannan watan. Jiya ma da ƙyar na fito da kekena daga taɓo.”

Muna tafiya ya riƙa kallon akwatin ta madubi. “Madam, kwana za ki yi a can?”

“Kwana ɗaya,” in ji Yaya.

“Daga ina?”

“Daga Filato.”

“Ana ruwa a wajenku?”

“Kamar da bakin ƙwarya.”

Malam Shehu ya rage gudu. “To, 'yata, da za ki ji tawa, da kin nemi tudu. Kogin nan ba ruwan Kaduna kaɗai yake sha ba. Daga saman duwatsunku yake tasowa. In an kwana uku ana ruwa a can, sai ya iso mana nan, ko da rana na ƙwallewa.”

Yaya ta leƙa waje ta kalli sama. Babu ko ɗigon gajimare. Ta yi dariya.

“Baba, ka ga hadari? Mu 'yan kan dutse ai mun san ruwa. In ya sauka, gangarawa yake ya wuce abinsa. Ban taɓa ganin ya shiga ɗakin kowa ba.”

“To, in ya wuce, ina kike zaton yake zuwa?”

Na yi ƙaramar dariya ban sani ba. Kuskurena ke nan. Yaya ta juyo ta cire gilashin.

“Au, kun san juna? Ke kika ce ya faɗa?”

“A'a, Yaya.”

“Hm.”

Malam Shehu ya sauke mu inda ya ce.

Daga bakin kwalta muka fara gangara, ina jan akwatin. Ni idona ba ya zama wuri ɗaya, haka Allah ya yi ni. Na ga katangar gida na farko da wani layi mai ruwan ƙasa a daidai gwiwa, miƙe kamar an ja shi da igiya. A gida na biyar layin ya kai ƙugu. Na ga wani magidanci da matarsa suna ɗora katifa da buhun masara a bayan a-kori-kura, ba sa sauri, ba sa magana, kamar abin da suka saba. A ƙarshen layin akwai bishiyar mangwaro, an ɗaure kwale-kwale biyu a jikinta, a busasshiyar ƙasa.

Otal ɗin yana nan yadda yake a hoto. Sai dai hoto bai nuna cewa fentin katangar kala biyu ba ne: daga ƙasa zuwa ƙirji sabo, daga nan zuwa sama tsoho. Janaretansu an gina masa dakali mai tsayi, sai an taka matakala ake kai gare shi. Yarinyar da ke karɓar baƙi tana da takalmin roba dogo a ƙarƙashin teburinta.

Na matsa kusa da ita na yi ƙasa da murya. “Sista, babu ɗaki a sama?”

“Akwai, amma ragin na ɗakunan ƙasa ne kawai.”

“Ruwa yana shigowa nan?”

Ta kalli ƙofar ofishin manaja, ta dawo da idonta kan littafi. “Bana dai bai shigo ba.”

Yaya ba ta ji ba, tana can wajen furanni. “Miriam! Zo ki ɗauke ni. Ki ja baya, kogin ya fito sosai.” Na ɗauka. Kogin ya cika ya batse, ja kamar kunun dawa, yana tafiya da rassan itace, ba ya ƙara ko kaɗan. Ta sa na ɗauka sau shida. Nan take ta tura wa Mama da dandalin 'yan gidanmu na waya, ta rubuta a ƙasa cewa ta sauka lafiya a masaukin da ta zaɓa da kanta.

A cikin ɗakin ta kunna AC ta faɗa kan gado. Ni na tsaya a bakin ƙofa. Wurin sa cajar waya ma a sama yake, kusa da kafaɗata. Ɗakin yana ƙamshin turare, amma a ƙarƙashin turaren akwai warin danshi.

Na tattara duk ƙarfin da nake da shi. “Yaya, don Allah ki duba bangon nan. Ki duba inda suka sa janareta. Ɗakin Mama Hajara yana nan, ban ce mata ta bayar ba. Gobe ne fa kawai. In kin gama intabiyu, sai mu dawo nan ki huta.”

Ta tashi zaune a hankali. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

“Miriam, tun da muka taso, me na taɓa samu kika bar ni na ji daɗinsa? Ni na yi karatu, ke kika samu miji. Ni na sha wahalar makaranta, ke kike birni. Ga 'ya, ga atamfa. Yanzu Mama ma cewa take in bi abin da kika ce. Ɗaki ɗaya, na kwana ɗaya, da na nema da kaina, shi ma sai kin nuna mini kin fi ni ido?”

Ni ba mai iya mayar da magana ba ce, in aka yi mini irin wannan sai hawaye su taru. Na sunkuyar da kai ina kallon akwatin. Ta buɗe shi ta fito da siket da kwat ɗin da za ta sa gobe, a ƙasan kayan kuma ga babban ambulan mai ruwan ƙasa.

“To, ki ba ni takardun in tafi da su gida,” na ce. “Da safe in kawo miki.”

“Takardun da ba ki iya karantawa?”

Wannan ta shige ni. Sannan na ɗauki akwatin na ɗora a kan tebur, na ciro leda daga jakata na ajiye a kai. “Ko a leda ki sa su.”

“Satifiket ne, ba kifi ba.” Ta sauke akwatin ta mayar ƙasa gefen gado, wai ya tare mata madubi.

Na yi mata sallama na fito. Da na iso wajen mangwaron, sai na ga ruwa ya taɓa gindin kwale-kwale ɗaya. Na tsaya. Na juya kamar zan koma. Sai maganar takardun ta dawo mini, na ce a raina, ai ita ce mai ilimi. Na hau tudu na tafi gida. Wannan tsayuwar da tafiyar, har yau ina tuna su.

Da Albert ya dawo da yamma na gaya masa duka. Ya kira ta sau uku, ba ta ɗauka ba. Ya tura saƙo, ta karanta, ba ta amsa ba. Ya ce, “Gari na wayewa mu je da babur mu ɗauko ta.”

Ƙarfe shida muka fita. Sama fes, ko iska babu. Tun kafin mu kai inda Malam Shehu ya sauke mu muka ga taron mutane, wasu da tabarmi a ka, wasu da akuya a hannu. Albert ya tsayar da babur. Layin da na ja akwati a kansa jiya babu shi. Ruwa ne shimfiɗe, ja, shiru, ya kai tagogin gidajen ƙasa. Wata kujerar roba tana juyawa a tsakiya. Can ƙarshe ana hango benen otal ɗin, mutane sun cika barandar sama.

“Yesu,” na ce. Na zauna a gefen kwalta.

Wayar Yaya a kashe. Albert ya cire takalmi zai shiga, wasu maza suka riƙe shi. “Oga, akwai kwata mai zurfi a tsakiya, ba ka ganinta. Ka jira masunta.” Kwale-kwale biyun nan su ne ke jigilar unguwa duka, kuma da tsofaffi da yara suka fara. Bakwai ta yi. Takwas ta yi. Ina kallon agogon wayar Albert, ina kallon ruwa.

Tara saura kwata aka kawo ta. Tana zaune a tsakiyar kwale-kwalen da rigar barci, ta ɗora kwat ɗin intabiyu a kai, takalmi a hannu ɗaya. Ɗaya hannun ta ɗaga ambulan sama da kanta, ko da yake ruwa na ɗiga daga gare shi yana bin hannunta har gwiwar hannu. Daga baya ta gaya mini cewa bugun ƙofa ne ya tashe ta da wayewar gari. Ta sauko da ƙafa, ta ji ta cikin ruwa har ƙwauri. Akwatin yana yawo a tsakar ɗaki, a buɗe.

Na shiga ruwan har gwiwa na kamo ta. Jikinta na rawa. Na kwance mayafina na ɗaura mata a ƙugu. Ba ta kalle ni ba.

“Ba a makara ba tukuna,” in ji Albert. “Yaya, hau. Miriam, ki biyo mu a keke. Gidan Mama Hajara ya fi kusa da makarantar.”

Da na iso, Mama Hajara ta riga ta ba ta ruwan zafi, ta ciro mata riga da zane daga nata. Ba ta tambayi kome ba. Ambulan ɗin na kan tebur. Yaya ta yage bakinsa, takardun suka fito a dunƙule, sun manne kamar abu ɗaya.

“Kada ki ja, 'yata,” in ji Mama Hajara. “Ki bar su su sha iska tukuna.”

“Goma ta wuce,” in ji Yaya. Ta sa farce ta ja.

Takardar NCE ta rabu biyu. Rabin sunanta ya tafi a bayan takardar sakandare. Hatimin ya narke ya zama shuɗin tabo, sa hannun ma haka. Ta tsaya tana kallonsu. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta jera su a kan tiren Mama Hajara, ta ɗauka da hannu biyu, muka taka zuwa makarantar. Tafiyar ba ta kai ta minti biyar ba.

Goma da rabi ta wuce lokacin da muka shiga. Shugabar makarantar mace ce mai kirki, ta ba mu kujera, ta saurari labarin har ƙarshe. Ta kalli tiren ta girgiza kai.

“Sannu, Malama. Na ji tausayinki ƙwarai. Amma mutum goma sha tara suka zo tun takwas, an gama ganinsu, mai makarantar ya zaɓa ya tafi. Gurbi ɗaya ne. Ko da yana nan ma, me zan nuna masa?”

Yaya ta buɗe baki da Turancinta mai kyau, wanda nake sha'awa tun ina yarinya. Ta fara jimla ɗaya, muryar ta karye. A bakin get ɗin makarantar ta durƙusa da tiren a cinyarta, ta yi kukan da ban taɓa jin ta yi ba, ko ranar da aka binne Baba.

Kwana biyu ta yi a gidanmu. Ba ta cika magana ba, abinci ma sai na matsa. Na shimfiɗa takardun a kan tabarma a inuwa, na danne gefensu da duwatsu. Sun bushe, sun nannaɗe kamar ganye, amma abin da ruwa ya ɗauke bai dawo ba. Albert ya tambayo mata, aka ce sai ta koma kowace makaranta da ta yi, da takardar rantsuwa daga kotu, kafin a ba ta shaidar madadinsu, kuma abin yakan ɗauki watanni.

Ranar Laraba na raka ta tasha. Motar ba ta cika ba, muka zauna a benci, Joy tana cinyata tana wasa da ɗankunnena.

“Kin ga abin tun ranar Lahadi,” in ji ta, idonta a kan motar.

“Na gani.”

“Me ya sa ba ki matsa mini ba? Me ya sa ba ki ɗauki akwatin kin fita da shi ba?”

Na ji zafin tambayar, don ni ma ita nake yi wa kaina. Amma a karo na farko a rayuwata na dube ta ido cikin ido.

“Yaya, in na matsa, za ki ji?”

Ɗan kamasho yana ta kiran saura mutum biyu.

“Na ga layin nan a bango,” ta ce a hankali. “Tun muna gangarawa na gan shi. Da mai keken ne kaɗai ya faɗa, da tun a hanya na ce ya juya. Don ke ma kin faɗa ne.”

Ta tashi ta ɗauki ledar da takardun ke ciki, ta shiga mota ta zauna a gefen taga. Har motar ta tashi ba ta ɗago ba. Yau shekara guda ke nan, takarda ɗaya ta samu ta karɓo, saura biyu. Tana can gida tana koya wa yaran maƙwabta lesin a ƙarƙashin bishiya.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, hassada ba ta rage wa wanda ake yi wa kome, mai yin ta take makantarwa. Yayata ta ga haɗarin da idonta, amma ta gwammace ta kwana a cikinsa da a ce ƙanwarta ta yi daidai, kuma abin da ta tara na shekaru ya lalace kafin gari ya gama wayewa. Mai karatu, in za ka sauka a garin da ba naka ba, kada hoto da ragin kuɗi su ruɗe ka. Ka duba unguwar kafin ɗakin, ka kwana kusa da abin da ya kawo ka, ka tambayi dalilin arahar, ka saurari mazauna wurin. In shawara ta gari ta zo maka, kada ka tsaya duba ko daga bakin ƙanenka ta fito ko daga wanda bai kai ka karatu ba. Mu kuma masu kunya, in mun ga ɗan'uwa zai faɗa cikin haɗari, kada baƙar magana ɗaya ta sa mu juya mu tafi gida.